Darasi na 9: Bakteriyar Cikin Ƙasa, Amfaninta da Sauya Mata Halitta

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana ayyukan da bakteriya ke yi a cikin ƙasa;
2. gane ƙurajen saiwar wake masu aiki da waɗanda suka daina;
3. faɗin irin dattin da bakteriya ke iya cinyewa da wanda ya fi ƙarfinta;
4. bambance amfani da bakteriya yadda aka same ta da sauya mata ƙwayoyin gado;
5. sanin hukumar da doka ta ɗora wa alhakin sa ido kan wannan aiki.

Gabatarwa

An san Ushafa, a ƙaramar hukumar Bwari, da tukwane da kuma ruwa. Tukwanen matan garin ne suka kawo shugaban Amurka Bill Clinton ziyara a watan Agustan 2000. Madatsar ruwa ta Usuma kuwa, wadda ke gefen garin, ita ke shayar da mafi yawan birnin Abuja. Mai ginin tukunya tana murza yumɓu a tafin hannu ta san ko zai jure wuta, manomi kuma da ganin launin ƙasa ya san inda doya za ta yi da inda sai gero. Amma akwai wani sashe na ƙasa da hannu ba ya ji, ido ba ya gani, kuma shi ke riƙe da albarkar gona da tsabtar ruwan rijiya. Wannan sashe rayayye ne. A kansa za mu yi karatun yau.

1. Me ke cikin dunƙulen ƙasa?

Bakteriya halittu ne ƙanana ƙwarai, kowace ɗaya ƙwaya guda ce tak, ba kai ba ƙafa. Sai an jera kusan dubu kafin su cika tsawon milimita 1, shi ya sa ba a ganinsu sai da madubin ɗakin gwaji. A cikin ƙaramin cokali ɗaya na ƙasar gona mai kyau ana samun daga miliyan 100 har zuwa biliyan 1. Ba sa haihuwa, rabuwa suke yi: ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. In abinci da laima da ɗumi sun wadata, wasu kan rabu duk bayan minti 20.

Da yawanmu da mun ji sunan bakteriya sai kwalara da taifot da tarin fuka su faɗo mana a rai. Gaskiya ne su ke kawo waɗannan cututtuka, sai dai masu cutarwar 'yan kaɗan ne. Akasarinsu aiki suke yi mana. Su ke mayar da madara kindirmo. Su ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, kuma wadda ta fi yin wannan aikin, *Bacillus subtilis*, asalinta 'yar cikin ƙasa ce. Su ne, tare da naman gwari da gara da tana, ke mayar da kara da ganye da kashin dabbobi taki. Ƙamshin nan da ke tashi idan ruwan farko ya sauka a kan busasshiyar ƙasa, wani dangi ne nasu mai suna *Streptomyces* ke fitar da shi.

Wannan dangi ya yi wa ɗan Adam rana. Daga jikinsa aka samo maganin tarin fuka na farko, a Amurka, a 1943. Daga wata 'yar'uwarsa da masanin Japan Satoshi Omura ya tono a ƙasa aka samo Mectizan, ƙwayar da ake rabawa kyauta a ƙauyukan Najeriya don maganin makantar da ƙudan bakin rafi ke kawowa. Omura da abokin aikinsa William Campbell sun sami kyautar Nobel a 2015 saboda wannan.

2. Yadda masana ke nazarinsu

Mai bincike yakan ɗebo ƙasa kaɗan a mazubi mai tsabta, ya rubuta wuri da rana. A ɗakin gwaji sai ya dama ta da ruwan da aka dafa, ya ɗebi ɗigo ya ƙara tsarma shi, ya maimaita har sau biyar ko shida, don ƙwayoyin su warwatsu. Daga nan ya shafa ɗigon ƙarshe a kan faranti mai murfi da aka zuba wa daskararren abinci, ya ajiye a wuri mai ɗumi. Bayan kwana biyu ko uku sai ɗige-ɗige su bayyana, wani fari, wani ruwan ɗorawa, wani mai yauƙi. Kowane ɗigo zuriyar ƙwaya guda ce da ta yi ta rabuwa har ta kai miliyoyi.

Idan mai cin mai yake nema, dabarar mai sauƙi ce. Ya ɗebo ƙasa daga garejin makanikai, ya hana ƙwayoyin kowane abinci sai baƙin mai. Wadda ta rayu ta yaɗu, ita ce ake nema, sauran yunwa ta gama da su.

Matsalar ita ce kusan kashi 99 cikin 100 na bakteriyar ƙasa ba sa yarda su tsiro a faranti. Saboda haka yanzu masana kan tatso sinadarin gado, wato DNA, kai tsaye daga ƙasa, na'ura ta karanta shi, kwamfuta ta faɗi su wa ke ciki da abin da kowa ke iyawa. Ba sai an je Turai ba kafin a ga irin waɗannan ɗakunan gwaji. A nan Abuja akwai Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda a ƙaramar hukumar Kwali, da hukumar bunƙasa fasahar halittu da aka kafa a 2001, wadda ke Lugbe a hanyar filin jirgin sama kuma yanzu ake kira NBRDA. Akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da cibiyar IITA da ke Ibadan mai reshe a Kano.

3. Takin da ake samu daga iska

Shuka ba ta girma sai da sinadarin naitirojin. Shi ke sa ganye ya yi kore shar, kuma shi manomi ke saya da tsada a buhun yuriya, wadda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne. Abin mamaki, kashi 78 cikin 100 na iskar da ke kaɗawa a kan gona naitirojin ne, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Masana'antun taki irin na Dangote da ke Lekki da na Indorama da ke Eleme sai sun ƙona gas mai yawa a cikin zafi da matsi mai tsanani kafin su kama shi. Wasu ƙwayoyin bakteriya kuwa suna yin wannan aiki a cikin laimar ƙasa ba tare da wuta ba.

Mafi shahara a cikinsu ita ce rizobiya. Tana shiga saiwar wake da gyaɗa da gujiya da waken suya, sai saiwar ta yi mata wasu 'yan ƙuraje ta zauna a ciki. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne: shuka ta ba ta sukari, ita kuma ta kamo naitirojin daga iska ta miƙa wa shuka. Masana biyu 'yan Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su suka tabbatar da haka a 1886, sannan a 1888 Beijerinck na ƙasar Holan ya ware ƙwayar a faranti. Kakanninmu ba su san sunanta ba, amma sun san aikinta. Shi ya sa suke haɗa gero da wake a gona ɗaya, suke shuka dawa inda aka cire gyaɗa bara, suke kuma barin itacen gawo a tsakiyar gona, domin shi ma dangin wake ne.

Ga yadda za ku gani da idonku. Ku sami wake ko waken suya da ya kai mako 5 zuwa 6, dab da fure. Kada ku tumɓuke da ƙarfi, ƙurajen za su zube a ƙasa. Ku sa fartanya ku ɗago shi da ƙasarsa, ku tsoma saiwar a bokitin ruwa, ku girgiza a hankali. Za ku ga 'yan ƙwallaye manne da saiwa, daga girman ƙwayar gero zuwa na dawa ko fiye. Ku tsaga ɗaya da reza. In cikinsa ja ne ko jaja-jaja, yana aiki. In fari ne, bai fara ba ko kuma ƙwayar da ke ciki ba ta da kirki. In kore ne ko baƙi, ya tsufa ya daina. Ku kula kuma: ƙurjin rizobiya a gefen saiwa yake, da an murza shi zai fita. Kumburin da ya zama jikin saiwar kanta, wanda ba ya ɓanɓaruwa, wannan cuta ce ta wata ƙaramar tsutsa.

Ba kowace rizobiya ke shiri da kowane wake ba. Wake da gyaɗa sun daɗe a ƙasarmu, suna samun abokan zama cikin sauƙi. Waken suya baƙo ne daga gabashin Asiya. Masanan IITA sun bi hanya biyu don warware wannan. Sun fitar da iri masu lambar TGx, waɗanda ke karɓar rizobiyar gida. Sun kuma yi wani baƙin gari mai suna NoduMax, wanda ke ɗauke da rayayyun ƙwayoyi zaɓaɓɓu, ana cuɗa shi da iri kafin shuka. Shirin N2Africa, wanda ya gudana daga 2009 zuwa 2019, ya kai wannan dabara ga manoman Kano da Kaduna da Borno da wasu jihohi. A Birazil kusan duk waken suyar da ake nomawa da irin wannan gari ake shuka shi maimakon takin naitirojin, kuma a 2025 aka ba masaniyar ƙasar Mariangela Hungria babbar kyautar abinci ta duniya saboda aikinta a wannan fanni.

Mai amfani da garin ya tuna cewa abu mai rai ne a hannunsa. A ajiye shi a wuri mai sanyi, a duba ranar ƙarewar wa'adinsa. A jiƙa iri da ɗan ruwan ƙaro don garin ya kama, a cuɗa a inuwa har kowace ƙwaya ta yi baƙi, a bari ya sha iska, a shuka a ranar cikin ƙasa mai laima. Rana tana kashe ƙwayoyin, haka ma gauraya su da takin zamani. Sannan rizobiya ba ta maye gurbin takin sufa, har yanzu wake yana bukatarsa.

4. Masu cin datti

Ɗanyen mai da baƙin mai da gas na mota guba ne gare mu, amma abinci ne ga wasu ƙwayoyin bakteriya, irin su dangin *Pseudomonas*. Suna farfasa man su mayar da shi ruwa da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Akwai su a kusan kowace ƙasa, sai dai aikinsu yana tafiyar hawainiya in babu iska da laima da taki. Lokacin da jirgin dakon mai Exxon Valdez ya fashe a gaɓar Alaska a 1989, ba a kawo wata sabuwar ƙwaya ba. Taki aka watsa a gaɓar, ƙwayoyin wurin suka yawaita suka hanzarta cin man. A matatar ruwan ƙazanta ta Wupa da ke nan Abuja ma, bakteriya ce ke cinye dattin ruwan kafin a sake shi cikin rafi.

Amma abin yana da iyaka, kuma Najeriya ta ga iyakar sau biyu. A watan Agustan 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan ƙasar Ogoni a jihar Ribas. Ta gano cewa juya ƙasar sama da zuba mata taki bai wadatar ba, domin a wurare da dama man ya nutse ƙasa har mita 5, inda iska ba ta kaiwa. Rahoton ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Na biyu shi ne gubar dalma a Zamfara. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum saboda ƙurar duwatsun zinari da ake niƙawa a cikin gidaje, aka rasa yara aƙalla 400. Dalma ƙarfe ce, babu ƙwayar da ke iya cinye ta ta ɓace. Sai da aka kankare ƙasar saman tsakar gidaje aka binne a ramuka na musamman, aka kawo sabuwa. Garin Bagega sai a 2013 aka yi masa wannan aiki. Haka lamarin kuromiyam yake, sinadarin da ke fita daga masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano. Bakteriya na iya sauya masa kama ya rage dafi, ko ta ɗaure shi wuri ɗaya, amma yana nan bai tafi ba.

5. Sauya ƙwayoyin gado

Duk abin da bakteriya ta iya, a rubuce yake a cikin DNA ɗinta. Kowane yanki na wannan rubutu, wanda muke kira ƙwayar gado, umarni ne na aiki guda: wannan na cin mai, wancan na kama naitirojin, wani na jure magani. Ban da babban zaren gadonta, bakteriya kan riƙe wasu ƙananan zobba na DNA, kuma tana iya miƙa su ga maƙwabciyarta ko da ba danginta ba ce. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 1973 masana biyu a Amurka, Stanley Cohen da Herbert Boyer, suka nuna cewa ana iya yanke ƙwayar gado daga wata halitta, a ɗinka ta a jikin irin wannan zobe, a saka a cikin bakteriya, ta kama aiki da sabon umarnin. Da wannan hanya aka sa bakteriya ta fara yin insulin na allurar masu ciwon suga, wanda ya shiga kasuwa a 1982. A 2012 kuma Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka fito da dabarar CRISPR, wadda ke ba da damar gyara rubutun gado a daidai inda ake so. Aiki iri uku ake yi: a ƙara, a cire, ko a gyara. Ga misalin kowanne.

*Ƙari.* Ananda Chakrabarty, ɗan asalin Indiya mai aiki a kamfanin General Electric, ya tara zobba daga ƙwayoyi daban-daban masu cin sassan ɗanyen mai ya haɗa su a cikin ƙwaya ɗaya. Neman haƙƙin mallakarta ya kai har Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 1980 ta ba shi gaskiya da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Duk da wannan suna, ba a taɓa zuba ƙwayar a kan malalar mai ta gaske ba. A 1996 kuma aka gwada wata a Oak Ridge ta jihar Tennessee, wadda aka ƙara wa ƙwayoyin gado na haske, tana ƙyalli idan tana cin wani dattin mai, don a san inda dattin yake. Ita ma a cikin manyan mazubai da aka cika da ƙasa aka yi gwajin.

*Cirewa.* A Ostireliya, Farfesa Allen Kerr ya gano wata bakteriya da ke kare dashen itatuwa daga cutar kumburin gindi. Sai aka lura tana iya miƙa zobenta ga ƙwayar cutar, wadda daga nan kariyar ba za ta ƙara aiki a kanta ba. Masana suka cire yankin da ke ba zoben damar ƙaura. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara sayar da ita da sunan NoGall. A nan sauyin rage haɗari ya yi.

*Gyara.* Akwai bakteriyar da ke zama a jikin saiwar masara tana kama naitirojin, amma da ta ji taki a ƙasa sai ta daina. Kamfanin Pivot Bio na Amurka ya gyara ta don ta ci gaba da aiki, ya fara sayarwa a 2019. Gwaje-gwajen da wasu jami'o'in ƙasar suka yi sun nuna cewa ba a kowace gona irin waɗannan kayayyaki ke ƙara amfani ba.

Me ya sa bayan shekara 50 sauyayyun bakteriyar da suka fita fili ba su taka kara sun karya ba? Dalili na farko, ƙwayar da ta saba da ɗakin gwaji takan sha kaye a hannun 'yan gida idan ta shiga ƙasa, ga rana, ga fari, ga masu cin ta. Na biyu shi ne tsoron abin da zai biyo baya, wanda ya sa hukumomi ke taka-tsantsan.

6. Inda Najeriya ta tsaya

Abin da ya iso gonakinmu shi ne ƙwayar gadon bakteriya a cikin shuka. *Bacillus thuringiensis*, wadda ake taƙaitawa Bt, bakteriyar ƙasa ce da ke yin wani sinadari mai kashe tsutsa idan ta ci, kuma tun 1938 ake sayar da ita a matsayin maganin feshi a Faransa. Masanan Samaru ƙarƙashin Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku, tare da abokan aiki daga Ostireliya da gidauniyar AATF, sun samar da wake mai ɗauke da ƙwayar gadon Bt don ya kare kansa daga tsutsar maruka, wadda kan cinye fure da kwanso har ta lalata kashi 80 cikin 100 na amfani. An fitar da shi a watan Disambar 2019 da sunan SAMPEA 20-T. Masu binciken sun ce feshi 2 ya ishe shi, maimakon 6 zuwa 8 da aka saba, kuma biyun ma don sauran ƙwari ne. A Janairun 2024 aka fitar da masarar TELA ta wannan hanya. A lura da kyau: a nan shukar aka sauya, ba a saki wata sauyayyiyar bakteriya a gona ba. Garin NoduMax kuwa babu sauyi a cikinsa ko kaɗan, zaɓe kawai aka yi.

Hukumar da ke ba da izini ita ce NBMA, wadda aka kafa da dokar 2015, aka faɗaɗa ikonta a 2019 ya haɗa da sababbin dabarun gyaran gado. Ba wanda doka ta yarda ya shigo da sauyayyiyar halitta, ko ya gwada ta a fili, ko ya sayar, sai da takardarta. Dokar ta kuma tanadi a sanar da jama'a a ba su lokaci su faɗi ra'ayinsu kafin a yanke hukunci. Ba kowa ya gamsu ba. Ƙungiyar HOMEF ta Nnimmo Bassey da wasu ƙungiyoyin manoma suna ganin binciken bai isa ba, suna kuma tsoron kada iri ya koma hannun kamfanoni. A 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakata a yi bincike. Muhawarar tana nan ba ta ƙare ba.

7. Tambayoyin da ya kamata a yi

Akuyar da ta tsinke igiya ana iya bin sawunta a kamo ta, amma bakteriyar da aka zuba a ƙasa ba mai iya tattaro ta. Ruwa zai ɗauke ta, iska ta kwashe ta da ƙura, ta kuma iya miƙa zobenta ga wata. Masana suna ƙoƙarin magance haka ta hanyar ƙera ƙwayar da ba ta rayuwa sai an ba ta wani abinci na musamman, ko wadda ke mutuwa da zarar dattin ya ƙare. Yawancin wannan aiki yana ɗakin gwaji tukuna.

Don haka duk ranar da wani ya zo da garin zubawa a gona ko a bola ko a rafi, musamman a garin da ke maƙwabtaka da ruwan shan miliyoyin mutane, ku tambaye shi cikin ladabi:

- Mene ne a ciki, kuma an sauya masa halitta ko kuwa?
- Ina lambar rajista, in kuma an sauya, ina izinin NBMA?
- A ina aka gwada shi a ƙasa irin tamu, kuma su wa suka gwada ban da masu sayarwa?
- In aikinsa ya ƙare, ina ƙwayoyin za su, kuma wa zai ɗauki alhaki in an sami matsala?

Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

8. Abin da ke hannunmu

Hukuncin wannan darasi shi ne: kafin mu kai ga sauyayyiyar bakteriya, akwai riba mai yawa a cikin wadda muke takawa kullum, kuma mu ne ke kashe ta. Ƙona kara da ciyawa yana hana ta abinci. Feshi barkatai da zubar da baƙin mai suna rage ta. Zaizaya tana tafiya da ƙasar sama, inda mafi yawansu suke. Maganin ba shi da tsada: a mayar da kara da takin gargajiya gona, a riƙa juya masara da wake ko waken suya, a bar ciyawa da itatuwa a bakin rafi.

Makanike ya tara baƙin mai a durom maimakon ya tuttular a kwata, domin ruwan sama da ya wanke unguwa rafi yake nufa. Inda mai ya riga ya jiƙa ƙasa, a kafce wurin, a gauraya da kashin kaji da ɗan buntun shinkafa, a riƙa yayyafa ruwa ba tare da ya kwanta ba, a juya duk mako. Cikin 'yan watanni wari da maiƙo za su ragu. Amma kada a shuka abin ci a wurin, domin baƙin mai yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da bakteriya ba ta cinyewa.

Tambayoyi

1. Kawo ayyuka uku da bakteriya ke yi a cikin ƙasa.
2. Me launin ja a cikin ƙurjin saiwar wake yake nunawa?
3. Me ya sa ake cuɗa garin rizobiya da iri a inuwa?
4. Me ya sa bakteriya ke iya gyara ƙasar da mai ya ɓata, amma ba ta iya gyara wadda dalma ta ɓata ba?
5. Bayyana bambancin NoduMax da SAMPEA 20-T da ƙwayar Chakrabarty.
6. Wace hukuma ke ba da izinin gwada sauyayyiyar halitta a Najeriya?

Aikin rukuni

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya haƙo tushen wake biyar daga gona ɗaya bayan neman izinin mai ita, ya wanke, ya ƙirga ƙurajen kowane tushe, ya tsaga goma ya rubuta nawa ne ja. Ku tambayi mai gonar abin da ya shuka bara da irin takin da ya sa. A aji na gaba za mu jera sakamakon a allo mu ga gonar da ta fi, mu nemi dalili. Ku wanke hannu da sabulu bayan aikin, kuma wanda bai da gona ya bi maƙwabcinsa, kada kowa ya zo hannu rabbana.